ƘARI A MAHAIFA: ABINCI BA YA NARKA SHI, AMMA YANA MAI DA JINI

Yau maganarmu a kan wani ciwo ne na mata wanda ake ɓoyewa cikin ɗaka. Maza, kada ku ce wannan ba ruwanku. Matanku ne, ƴan uwanku ne, uwayenku ne.

Kowane gari akwai irin matar nan. Shekarunta sun kai 35 ko 40. Cikinta ya tasa kamar na wata 5. An yi mata barka. Wata 9 ya wuce, shekara ta kewayo, ba haihuwa. Sai a ce cikin kwanciya ya yi. Wasu su ce iska ce ta taɓa ta, wasu su ce kishiya ce ta yi mata sammu. Ita kuwa kowane wata jini na zuba, tana ramewa, tana dushewa. Sau da yawa abin da ke cikin nan ba ɗa ba ne. Ƙari ne na mahaifa, wanda ma'aikatan likita ke kira fiborom.

MENE NE ƘARIN MAHAIFA?

Mahaifa jaka ce ta tsoka. Wani lokaci wani wuri cikin tsokar nan sai ya dunƙule, ya yi ta girma sannu sannu. Dunƙulen nan shi ne ƙari. Wani bai fi ƙwayar wake ba. Wani kamar goruba. Wani ya kai kan jariri ko ya fi. Mace guda tana iya samun ɗaya, tana iya samun 10.

Ba sammu ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Ba a ɗaukarsa wurin miji, ba a ɗaukarsa wurin kishiya. Kuma ba kansa ba ce, wato ciwon daji. Cikin mata 1000 da ake zaton ƙari gare su, da wuya a samu guda wadda nata mugun iri ne.

Abin yana da yawa ƙwarai, balle ga baƙar fata. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka fito da shi a 2003, ya nuna cewa cikin mata baƙar fata 10 da suka kai shekara 50, wajen 8 suna da shi. Da yawa ba su ma sani ba, don bai taɓa damunsu ba. Ƙarin da ba ya ciwo, ba ya sa zubar jini, ba ya bukatar magani. Dubawa kawai ake yi lokaci lokaci.

Ya fi samun mace daga shekara 30 zuwa 50. Yana bin dangi: in uwa ta yi, ɗiyarta tana iya yi. Ya fi kama wadda ba ta taɓa haihuwa ba, da mai ƙiba da yawa. Sinadaran jiki masu kawo haila su ne ke ciyar da shi. Shi ya sa in haila ta ɗauke gaba ɗaya, sai ƙarin ya riƙa motsewa da kansa. Ga mata da yawa, aikin shi ne su kai wannan lokaci da ƙarfinsu da jininsu.

YAYA AKE GANE SHI?

1. Haila mai yawa, mai gudaji, ko mai wuce kwana 7.
2. Nauyi ko ciwo a mara, da ciwon baya.
3. Ciki ya tasa, ya yi tauri, alhali haila ba ta tsaya ba.
4. Fitsari a kai a kai, don ƙarin ya danne mafitsara.
5. Bayan gida da wuya, don ya danne hanji.
6. Zafi lokacin kwana da miji.
7. Ga wasu, rashin ɗaukar ciki ko yawan ɓari.

Alamun nan ba su isa a ce tabbas ƙari ne. Akwai wasu cututtuka masu kama da shi. Ungozomar likita za ta taɓa ciki, ta tura ki a yi miki hoton ciki wanda ake kira eko. Ba a yanka, ba a allura, ba ya ciwo. Shi ke nuna ko ɗa ne, ko ƙari ne, da girmansa, da inda ya zauna.

BABBAN HATSARI SHI NE ƘARANCIN JINI

Ku dubi randa mai yoyo. In abin da ke zuba ya fi abin da ake ɗurawa, wata rana za a iske ta wayam. Haka jikin mace mai ƙari yake. Kowane wata tana zubar da jini fiye da wanda jikinta ke iya maidawa.

Ga yadda za a gane: a ja fatar ido ta ƙasa, a duba. In ta yi fari maimakon ja, jini ya ragu. A duba tafin hannu da harshe. Matar tana jin jiri, zuciyarta na bugawa, tana haki in ta ja guga ko ta ɗaga taɓarya. Wata sai ta riƙa kwaɗayin cin farar ƙasa. Mutanen gida su ce ragguwa ce. Ba ragwanci ba ne, jini ne babu.

Jiki yana yin jini da wani sinadari da ake kira ƙarfe, wanda ke cikin abinci. Ko mace mai lafiya, in tana haila, ƙarfen da take bukata ya ninka na namiji. To, ina ga mai ƙari? Amma a gidajenmu wa ake ba tsokar nama? Maigida. Wa ke ci daga baya, in kowa ya ƙoshi? Uwargida. Wannan al'ada tana bukatar gyara.

ABINCIN DA KE MAI DA JINI

Mu faɗi gaskiya tun farko. Babu ganye, babu saiwa, babu abincin da aka tabbatar yana narka ƙari. Wanda ya ce ki kawo akuya zai ba ki jiƙon da zai zubar da shi, akuyarki yake so. Amfanin abinci shi ne ya mai da jinin da ya zube, ya sauƙaƙa bayan gida, ya ba ki ƙarfi. Kuma mafi yawansa yana gonarmu da garkarmu.

Na farko: hanta, nama, kifi, kaza da ƙwai. Ƙarfen da ke cikin hanta da nama da kifi shi ne jiki ya fi saurin ɗauka. Ba sai da yawa ba. Ɗan yanki na hanta ranar kasuwa, ko busasshen kifi cikin miya, yana da amfani. Soyayyar fara ma abinci ce mai kyau.

Na biyu: wake, ridi, gujiya, ƙuliƙuli da daddawa. Wake shi ne naman talaka. Ku ajiye wa gida rabonsa tun kaka, kada ku kai duka kasuwa.

Na uku: ganye. Zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, ganyen wake da kuka. Ku yi kwaɗo, ku yi dambu, ku yi miya. Lokacin damina a shanya ganye cikin inuwa, a adana don rani.

Na huɗu: hatsinmu. Hatsi yana da ƙarfe fiye da farar shinkafa. Kada a surfe shi har ya yi fari fat. Hatsin da aka jiƙa, ko aka bari ya yi tsami kamar na koko, jiki ya fi cin moriyarsa.

Na biyar: ƴaƴan itace da kayan garka. Lemun tsami, lemun zaƙi, tumatir, gwaba, mangwaro da garin ƴaƴan kuka. Su ne ke taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Ki matsa lemun tsami bisa kwaɗonki. Ki yanka ɗanyen tumatir bisa wake.

ABIN DA ZA A RAGE

Shayi da kafe suna hana jiki ɗaukar ƙarfe. In za ki sha, ki bari sai awa 1 ko 2 bayan cin abinci. Farar ƙasa ma haka take, kuma tana ɗaure ciki. A bar ta. Mai ƙiba ta rage sukari, da soye-soye, da kitse. Gishiri da dunƙulen magi a rage su, don hawan jini yana yawan tafiya tare da ƙari.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Sha ruwa mai tsabta da yawa. Shi da ganye da wake ke sa bayan gida ya zo da sauƙi.

Kwana cikin sange, ki sa takalmi. Masassarar cizon sauro da tsutsar ciki su ma ɓarayin jini ne. Kada ɓarawo ya zama uku.

Ranakun da jini ke zuba da yawa, a ɗauke mata daka, da jan ruwa, da ɗaukar itace. Sauran ranaku ta yi tafiyarta da aikinta daidai ƙarfinta. Zama wuri guda ba magani ba ne.

In mara na ciwo, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora. Kada ki sha asfirin, yana ƙara zubar jini. Kada ki sayi ƙwayoyi wurin masu talla cikin kasuwa. Kada ki cusa kanwa ko wani haɗi cikin gabanki. Kada a yi tsaga ko sakiya bisa ciki.

Ƙyallen haila a wanke shi da sabulu, a shanya a rana.

Ga wani aiki kuma, ku da kuka koyi rubutu. Ki samu kaye. Kowane wata ki rubuta ranar da jini ya zo, da ranar da ya ɗauke, da ƙyalle nawa kika canja a yini. Ranar da kika je likita, ki tafi da shi. Rubutun nan zai gaya wa lokotoro abin da baki ke jin nauyin faɗa.

ME AKE YI A LIKITA?

Za a auna jininki. In ya ragu, za a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini. Suna sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba kome ba ne. Ki ci gaba da sha har wata 3 ko yadda aka ce miki, ko da kin ji sauƙi. Jinin da ya ragu ƙwarai, abinci kaɗai ba ya mai da shi.

Akwai magungunan rage zubar jini da na ciwo. Wasu daga cikin magungunan tazarar haihuwa ma suna rage jinin haila. Ma'aikacin likita ne zai zaɓa miki wanda ya dace.

In ƙarin ya yi girma, ko jini ya ƙi tsayawa, sai aiki. Aikin iri biyu ne. Ana iya cire ƙarin a bar mahaifa, mace ta iya haihuwa bayan haka, ko da yake wani lokaci sabon ƙari yakan fito. Ana iya cire mahaifar duka ga wadda ta gama haihuwa. Ba ta ƙara haila, ba ta ƙara ciki, amma zaman aurenta yana nan yadda yake. Ki fara daga likitar CSI mafi kusa. Su za su ba ki takarda zuwa babbar likitar gunduma, ko gidan kula da uwa da ɗa na Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko matarnite Isaka Gazobi ta Yamai.

Mata da yawa masu ƙari suna ɗaukar ciki, su haihu lafiya. Sai dai wadda ta san tana da shi ta riƙa zuwa awo, kuma ta haihu a likita, don jini yana iya ɓalle mata bayan haihuwa.

KADA A JIRA GARI YA WAYE

A ɗaura amalanke ko a nemi mota nan take:
- in jini na jiƙa ƙyalle kowace awa;
- in ta suma, ko ta kasa tashi tsaye;
- in ciwon mara mai tsanani ya taso farat ɗaya, ko da zafin jiki;
- in fitsari ya ƙi fita.

Wadda hailarta ta ɗauke shekara guda ko fiye, sannan ta sake ganin jini, ita ma ta je a duba ta cikin makon nan. Kada ta ce ƙari ne kawai.

GARE KU MAGIDANTA

Matarka ba ta jawo wa kanta ciwon nan ba. Kada ka yi mata gori da rashin haihuwa, kada ka kore ta gidansu. Ba ta izini, ka raka ta likita. In an ce a ƙara mata jini, ka miƙa hannunka, ka kira danginka. Mai lafiya da ya ba da leda guda ba ya rasa kome, jikinsa zai mai da shi. Kuɗin eko da na mota ku tanade su tun kaka, tun hatsi na rumbu. Mata masu adashi kuma ku ware wani abu don irin wannan rana.

Ku karanta wannan shafi a cibiyarku ta yaƙi da jahilci. In kun koma gida, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Wataƙila cikin gidanku akwai wadda ta yi shekara 3 tana jiran cikin da ya kwanta ya tashi. Ku duba idonta yau, ku kai ta likita ranar kasuwa mai zuwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.