Bayan Karatu A Ingila: Yaya Ɗalibi Zai Zauna Ya Yi Aiki?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

Jama'a, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin iyaye, tun daga Kantin Kwari a nan Kano har Agege da Sabon Ibadan, wai da zarar yaro ya gama jami'a a Ingila sai ya kama aiki, ya soma aiko da fam gida. Wasu har gona suka sayar saboda wannan fata. To, abin ba haka yake tafiya ba.

Bizar karatu ta karatu ce kawai. Tun watan Yuli na 2023 aka hana ɗalibi komawa kan bizar aiki kafin ya kammala kwas ɗinsa. In ya kammala, abin da yawanci ke nema shi ne bizar bayan karatu, wadda aka buɗe ran 1 ga Yuli, 2021, bayan an rufe irinta a 2012. Mai digirin farko ko na biyu shekara 2 ake ba shi, mai digirin dakta shekara 3. Tilas ya nema yana cikin ƙasar, tun bizar karatunsa ba ta ƙare ba. Wanda ya zo gida ganin iyaye har ta ƙare, shi ke nan, ta wuce shi.

Ba kyauta ba ce kuma. A 2025 kuɗin nema fam 880 ne, ga kuɗin asibiti fam 1,035 kowace shekara da ake biya gaba ɗaya. Watau mai shekara 2 sai ya ajiye fam 2,950, alhali bai ga albashin fari ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan biza ba a sabunta ta. Da ita yaro yana iya kusan kowane irin aiki, ko tsaron kanti ko ɗaukar kaya a sito, ba mai ce masa don me. Nan da yawa ke shagala. Kuɗi suna ɗan shigowa, iyaye suna murna, kwanaki kuwa suna tafiya. Abin da zai zaunar da shi bayan nan ita ce bizar ƙwararrun ma'aikata, ita kuwa ba ta samuwa sai wani kamfani mai lasin daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ya ba shi takardar ɗaukar nauyi. Kamfanoni da yawa ba su da wannan lasin, komai son da suke yi wa ma'aikaci.

Sai batun albashi. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi fam 26,200 ne a shekara, aka ɗaga zuwa 38,700 a watan Afrilu na 2024, aka sake ɗagawa zuwa 41,700 a watan Yuli na 2025. An yi wa sabon shiga rangwame, nasa 33,400 ne, amma rangwamen bai wuce shekara 4 ba, har da zaman da ya yi kan bizar bayan karatu. A ganina uban da ɗansa ya shekara yana tsaron kanti ya kamata ya daina tambayarsa nawa zai aiko, ya tambaye shi ko inda yake aiki suna da lasin.

A kula da dillalan da ke cewa a kawo miliyoyin naira su samo takardar ɗaukar nauyi. Wajen mai ba da aiki take fitowa, kuma sunayen masu lasin a buɗe suke a intanet, kowa na iya dubawa kafin ya zare ko sisi.

Masu shirin tura yara kuwa su sani an rage wa'adin. Mai digirin farko ko na biyu da ya nemi bizar bayan karatu daga 1 ga Janairu, 2027, wata 18 kaɗai zai samu.