Ƙarar da Ke Ɓuya Idan Ta Ga Bakanike

Ga kacici-kacici, mai karatu. Mota ce lafiyayya, inji ƙalau, birki ƙalau. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba ka jin komai sai iska. Da ta taka tudun rage gudu, ko ta faɗa ɗan rami, sai ka ji daga baya: ƙwal! A kai ta gareji, a danna ta, a jijjiga ta, sai ta yi tsit. Wa ke magana a ƙarƙashin motar nan? Ga alama ɗaya kyauta: mai laifin ya gama ɓarnarsa tun kafin motar ta shigo Najeriya. Riƙe wannan, mu tafi.

Motar ta ɗan 'yar'uwata ce, mai kwana a Kurfi yana aiki a Dutsin-Ma, kullum yana kan titin nan da ya taso daga Katsina. Golf GTI ce mai ƙofa biyu, samfuri na huɗu da aka fara ƙerawa a 1997. Tun 1976 GTI ce 'yar tseren gidan Golf, ta fi 'yan'uwanta kusa da ƙasa, ƙafafunta sun fi tauri. 'Yar Kwatano ce, ta shigo kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017. "Kawu," in ji shi, "ƙarar nan ta hana ni sakat." Na ce mu fara kama waɗanda ake zargi.

Na farko but ne. Muka kwashe komai: jak, sifana, sifiyar taya, galan. A can lungu muka tsinci wata 'yar roba mai kauri, mai faɗin baki, wadda ba wanda ya san amfaninta. Tare da motar ta zo. Muka ajiye ta gefe, muka hau titi da but fayau. Tudun farko, ƙwal!

Na biyu salansa. Mai walda a Dutsin-Ma ya kwanta ƙarƙashi, ya girgiza ta, ya sake mata robar rataya. Ya ce an gama. Ko fita gari ba mu yi ba ta ƙaryata shi.

Na uku kuwa har da shaida aka kama shi. Bakanike ya haska shakazobar baya ta hagu, sai ga mai ya tsiyayo ya jiƙe jikinta, ƙura ta manne. Kowa ya ce ga ɓarawo. Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo sababbi guda biyu, aka ɗaura. Muka kama hanyar Kurfi. Shiru. Muka wuce gonaki. Shiru. Yaro ya fara murmushi, har ya miƙa hannu zai kunna rediyo. Ga tudu a bakin gari. Ƙwal!

Wasu suka ce jabu aka sayo. Aka kwance, aka matsa su da hannu, suna turjiya yadda ya kamata. Su ma aka wanke su. To, saura wa?

A Kurfi muka tsaya shan iska wurin wani dattijo mai faci. Bai taɓa motar ba. Ya ja da baya, ya tsuguna, ya ƙura mata ido.

"Samari, mi ka ɗauko a but?"

"Ba komai, Baba."

"To, don mi take ɗingishi?"

Ya zura hannu tsakanin tayar dama da jikin mota. Yatsu huɗu. Ya zagayo hagu. Yatsu biyu. Ya dube ni ya ce, "Malam, shakazoba ba ta ɗaukar nauyi."

Gaskiyarsa. Sifirin, wannan ƙarfen mai naɗi, shi ke ɗauke da mota. Aikin shakazoba kawai ta hana shi lilo bayan ya lotsa. Kuma a bayan wannan samfurin kowa da mazauninsa, ana iya canza shakazoba ba a ko taɓa sifirin ba.

Aka sa jak. Taya ta tashi. Aka cire ta. Sifirin na tsaye, ba alamar komai. Dattijo ya ce a kawo ruwa. Ya tone busasshen taɓon da ya cika mazauninsa na ƙasa. Ya zura yatsa. Ya jawo.

Rabin zoben ƙarfe ya faɗo ƙasa.

Naɗin ƙarshe ne ya karye, taɓo ya rufa masa asiri. In mota na tsaye, nauyinta ya danne guntun, sai shiru. In ta yi tsalle, ya samu sarari ya doki ƙarfe. Ita kuwa tsohuwar shakazoba, wahalar aikin da ba nata ba ce ta fasa ta. Amma kada ka tashi tukuna. Wa ya karya sifirin?

Za ka ce ramukan hanya. Dubi bakin karayar. Gefe ɗaya fari ne yana ƙyalli, sabuwar tsagewa ke nan. Sauran kuwa baƙi ƙirin, tsatsa ta cinye, tsohon ciwo ne na shekaru. Daga ina irin wannan tsatsa a ƙasar da ake yin wata bakwai ko takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba? Ka ba ni gari?

Koma wurin 'yar robar nan ta cikin but. Abin kankare ƙanƙara ne daga gilashin mota. Motar ta yi ƙuruciyarta a ƙasar sanyi. A Turai, idan hunturu ya kama, hukumomi na watsa gishiri a kan tituna, domin ruwan gishiri ba ya saurin daskarewa. Taya na fesa wannan ruwa a ƙarƙashin mota, tsakuwa ta ɓantare fentin sifirin, gishiri ya kwanta a mazauninsa na ƙasa inda ruwa ke taruwa. Tsatsa ta huda ɗan rami kamar bakin allura. Duk lotsawa ɗaya, ramin ya ƙara tsagewa kaɗan. Da wannan ciwo ta hau jirgin ruwa, da shi ta sauka Kwatano. Ramin hanyarmu ƙarasawa kawai ya yi. Gishiri ne mai laifi.

Gyaran bai ɗauki yini ba. Aka canza sifirin biyu tare, hagu da dama, don kada sabo ya fi tsoho tsayi. Aka duba ɗigon fentin da ke jikinsu don a tabbatar na GTI ne, domin na Golf gama-gari sun fi tsawo da laushi. Aka sa sababbin robobin mazauni, kuma ba a ƙarasa ɗaure notin shakazoba ba sai da nauyin motar ya sauka a kansa. Walda kuwa ba a ko kawo zancenta ba, domin wuta na kashe ƙarfin irin wannan ƙarfe.

Mai mota 'yar Kwatano, ka tsayar da ita a wuri mai daidai ka gwada yatsunka a tayoyi huɗu. In za ka sayi sifirin ɗan Beljiyam, ka wanke naɗinsa na ƙasa ka duba da kyau, don shi ma gishirin ya sha. Sifirin gaba kuwa a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu, ka bar wa bakanike mai abin matse shi. Karyayyen sifirin na iya yage taya ana cikin gudu, kuma rai ba shi da sifiya.