Kuɗin Ruwa: Wa Ke Biya, Kuma Don Me?

Yau zancenmu a kan kuɗin ruwa ne. Sau da yawa a ɗakin shan magani nakan ji mutum ya ce, "Ruwa ai na Allah ne, don me za a ce in biya?" Gaskiya ne, ruwa na Allah ne. Amma bututun da ya jawo shi daga ƙarƙashin ƙasa, da injin, da tanki, da ladan mai gyara, duk kuɗi ne.

A zamanin En'e, da kuɗin haraji aka gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, lokacin kuwa ƙasar Kazaure tana cikinta, don sai a 1991 aka yanki Jihar Jigawa. Yanzu hukuma uku ke kula da ruwa a jiharmu. Hukumar Ruwa tana riƙe da manyan garuruwa irin su Kazaure, STOWA tana riƙe da ƙananan garuruwa, RUWASA kuwa ita ce ta ƙauyuka. Gwamnati da masu ba da taimako su ke ɗaukar babban nauyi, watau haƙa rijiyar burtsatse da kafa famfo. Ƙananan gyare-gyare kuwa akan bar wa mutanen gari, ta hannun kwamitin ruwa da suka zaɓa.

To, nan ne ake samun cikas. Famfon tuƙa-tuƙa yana da roba a ciki wadda takan cinye. In babu ko sisi a asusu ranar da ta lalace, sai famfo ya yi wata da watanni a tsaye, mata da yara su koma kududdufi. Famfo mai injin yana shan mai, mai kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Mai aiki da hasken rana ba ya shan mai, amma shi ma yakan lalace, kuma yana bukatar mai gadi.

Ga misali. A ce ƙauye yana da gida 100, kowane gida ya ba da naira 500 a wata. An tara naira 50,000 ke nan. Yanzu ku gwada wannan da abin da mutum zai kashe in ɗansa ya kamu da amai da gudawa: kuɗin mota, da ƙarin ruwa, da kwanakin da aka bar gona. Wani lokaci ma a kashe kuɗin, a rasa yaron. Waɗanda suka ga annobar kwalara ta 2021 sun san abin da nake nufi.

Ku lura da abu huɗu wajen yanka kuɗin. Na fari, a yanka shi a bainar jama'a, gaban dagaci ko mai unguwa. Na biyu, mai shayar da garke da ɗan garuwa mai sayarwa su fi mai ɗiban na sha biya. Na uku, a ɗauke wa marayu da tsofaffi marasa ƙarfi, don in an kore su za su sha ƙazamin ruwa, cutar kuwa ba ta tsayawa a gida ɗaya. Na huɗu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a kowane wata. A sa mata cikin kwamiti, don su suka fi sanin ranar da famfo ya fara ciwo.

Manyanmu sun sha wuyar kurkunu. A 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijeriya, ruwa mai tsabta kuwa yana cikin abin da ya kore shi. Mutanen Yankwashi, da Karkarna, da Roni, da Gwiwa, da Babura, kada mu bari famfo ya mutu saboda ƙyashin ɗan abin da bai kai kuɗin goro ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya ba mu lafiya, amin.