Kula Da Ma'aikacin Da Ido Ba Ya Ganinsa

Ran Talata 24 ga watan Maris na shekarar 2020, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa suka fara zama a gida bisa umurnin Shugabar Ma'aikata, saboda annobar korona. Umurnin cewa ya yi su ci gaba da aiki daga gidajensu. Daga baya wasu jihohi suka bi wannan hanya saboda dalilan kansu. A watan Disamba na 2021 Jihar Kaduna ta mai da ranakun zuwa ofis huɗu a mako, aka ce ran Juma'a a yi aiki daga gida, ban da ma'aikatan makarantu da na asibitoci. Jihar Legas ita ma ta rage ranakun a 2024 saboda tsadar sufuri, sa'an nan ta janye tsarin a 2025.

Abin da wannan ya tono shi ne, shugabannin sassa da yawa ba su da wani ma'auni na aiki in ban da littafin sa hannu da ake ja wa jan layi da safe. Muddin akawu na zaune a kujerarsa, to, an ɗauka yana aiki. Da kujerar ta zama wayam, sai mai gida ya rasa abin da zai duba.

Alhali kuwa matsalar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, jakadu ne ke kai da kawowa tsakaninsu da ƙauyukan da suke riƙe. Abin da jakada ya faɗa shi hakimi ya sani, abin da ya ɓoye kuwa ya ɓoyu. Maganin da Turawa suka kawo shi ne su tura hakimi ya tare a gundumarsa, Di'o kuma ya riƙa fita rangadi. Watau dai an matso da idon ne kusa da aikin. Amma akwai aikin da faɗinsa ya wuce a sa masa ido ta wannan hanya, kuma babu misalin da ya fi yaƙi da cutar shan-inna.

A shekarar 2012 an sami yara 122 da cutar ta kama a Nijeriya, fiye da rabin waɗanda aka samu a duniya baki ɗaya, kuma kusan dukkansu a Arewa. Ga shi kuwa an yi shekaru ana zagayen ɗigon rigakafi gida-gida, takardun da ke komawa hedkwata kuma kullum cewa suke yi an ɗiga wa kusan kowane yaro. Takarda ta ce an gama, ƙafafun yara suna cewa da saura. Dubban ƙananan ƙungiyoyi ne ke fita a kowane zagaye, galibinsu mata, su bazu cikin unguwanni da ƙauyuka da rugage, babu wani jami'i da zai iya bin sawun kowacce.

Abu na farko da aka gyara shi ne taswira. Da can kowace ƙungiya da zanen hannu take fita, wanda wani ya zana da ka. Da aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka gwada, sai ga ƙauyuka da rugage da ba su cikin zanen kowa, musamman waɗanda ke bakin iyaka tsakanin gunduma da gunduma, inda kowane ɓangare ke zaton na maƙwabcinsa ne. Waɗannan ma'aikata ba ha'inci suka yi ba, ba a taɓa gaya musu wurin yana nan ba. Wannan ya isa abin lura ga duk wani shugaba da ke saurin zargin na ƙasa da shi da lalaci: sau da yawa shi ne bai yanka wa kowa gonarsa sosai ba.

Bayan taswira sai aka kawo waya. Ana ba ƙungiya wayar hannu da safe, wadda ke rubuta inda take bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma a karɓe ta, a juye abin da ta tara cikin kwamfuta, sai sawun ƙungiyar ya fito a kan taswira. Unguwar da ba a shiga ba za ta fito fili a daren nan, tun ana da damar komawa washegari. A nan ne amfanin abin yake, domin labarin da ya iso bayan an gama zagaye sai dai a sa shi cikin rahoto. Saboda haka aka tsai da taron bita na kowace yamma a ƙananan hukumomi, aka kuma kafa cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja a 2012, da irinta a Kano da wasu jihohi, inda jami'an gwamnati da na hukumomin duniya ke zama ɗaki guda suna duba alƙaluma iri ɗaya.

To, amma waya inda aka taka kawai take nunawa. Ba ta san ko an buɗe bakin yaro ba. Mai son ha'inci na iya ratsa unguwa da wayar cikin jaka, ta zubar da maganin, ta cika takarda a gindin bishiya. Don haka aikin kansa aka sa ya bar alama: a shafa tawada a ɗan ƙaramin yatsan yaron da aka ɗiga wa, a yi rubutu da alli a jikin bangon gidan da aka shiga. Bayan zagaye kuma wasu mutane dabam, waɗanda ba su da hannu a aikin, su zaɓi wurare 6 a ƙaramar hukuma, su duba yara 10 a kowane wuri. Idan marasa tawada sun yi yawa cikin yara 60 ɗin nan, ƙaramar hukumar ta faɗi, sai a sake. Wanda ya yi aiki ba shi ke ba kansa maki ba, kuma wanda ya duba ba ya duba kowa da kowa, ɗan kaɗan yake tsinta, sai dai babu wanda ya san inda zai tsinta.

Akwai kuma ɓangaren da masu sha'awar na'ura kan manta. Matar da ke yawo cikin rana da akwatin ƙanƙara ba za ta damu da taswira ba idan alawus ɗinta na maƙalewa a hannun wani. Shi ya sa aka koma biyan masu rigakafi kai tsaye, aka kuma fito da tsarin yaba wa mai ƙoƙari da sallamar wanda aka kama da sakaci, har da jami'an da ke sama. Aikin kuma ba na wasa ba ne. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe masu rigakafi 9 a Kano. Mutumin da aka tura irin wannan aiki yana da hakkin ya san cewa wanda ya tura shi yana biye da halin da yake ciki, ba sawunsa kaɗai ba.

Adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, ya koma 6 a 2014. A 2016 cutar ta sake ɓulla a Jihar Barno, a wuraren da rikici ya hana ma'aikata da masu duba su isa. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ko da yake wani nau'inta ya sa ba a daina zagayen ba. Hakika ba waya da taswira kaɗai suka kawo wannan ba, sarakuna da malamai sun yi nasu wajen shawo kan iyaye.

Aikin ofis ya fi wannan sauƙin aunawa, domin fayil ko ya motsa ko bai motsa ba. Darakta na iya rubuta wa kowane jami'i abin da ake so ya gama kafin Alhamis, ya kira shi ran Talata ya ji inda ya tsaya, sa'an nan ya zaro fayil biyu ko uku daga cikin waɗanda aka ce an gama ya karanta da kansa. Abin da ya fi wuya shi ne kayan aiki. A 2020 yawancin waɗanda aka ce su yi aiki daga gida ba a ba su kwamfuta ba, ba a ba su kuɗin intanet ba, fayilolin da za su yi aikin a kai kuwa na takarda ne, suna kulle cikin kabad a rajista.