Ba Kullum Ne Laifin Yaro Ba: Zaɓen Bakin Busa Ga 'Yan Badujala A Makera

Duk wanda ya saba bi ta Makera ko Kakuri da la'asar sakaliya, musamman idan Ranar Yara ta 27 ga watan Mayu ta gabato, ko kuwa bikin 1 ga watan Oktoba, ba zai rasa jin amon ganguna da begila daga harabar makarantu da majami'u ba. 'Yan badujala ne ke gwajin fareti. In mutum ya tsaya ya kasa kunne sosai, a tsakiyar rugugin gangunan zai riƙa tsinkayar wata 'yar ƙara mai tsini, kamar kukan ɗan tsakon da shirwa ta sura. Wannan ƙara daga kilarinet take fitowa ko saksofon, kuma mai busawar galibi yaro ne ɗan shekara 11 ko 12, idanu sun yi ja, kumatu kamar za su fashe, malami kuma yana ta harararsa.

Abin da ya fi saurin zuwa bakin malami shi ne yaron malalaci ne, ko ba shi da numfashi, ko kuwa kansa ba ya ja. Bayan wata biyu ko uku sai a karɓe abin busar a miƙa masa kuge, in ma bai riga ya daina zuwa don kansa ba. To, amma wanda ya san sha'anin waɗannan kayan busa ba ƙirjin yaron zai fara dubawa ba. Ɗan guntun abin nan da ke cikin bakinsa zai duba, wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba. Abu uku ne a haɗe: bakin busa, da siririn harshen kara wanda masu sana'ar ke kira rid, da kuma maɗaurin da ke riƙe harshen a jikin bakin. A nan ne ake samun sauti. Sauran jikin, duk sheƙinsa da tarin maɓallansa, abin da aka ba shi kawai yake sarrafawa, in an ba shi mai kyau ya fitar da mai kyau.

Kayan busa na Turawa ba baƙi ba ne a wannan yanki na kudancin kogin Kaduna. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri cikin 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina cikin Nijeriya, kowa da irin kiɗansa da ƙungiyoyin majami'arsa. Ga kuma badujalar soja da ta 'yan sanda a gari, ga makaɗa irin su marigayi Bala Miller, mai waƙar Ikon Allah, wanda ya rasu cikin 2003. Sai dai zamanin da albashin masaƙa ke riƙe unguwa ya wuce. KTL ta rufe cikin 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki cikin 2007. Saboda haka abin busar da ke isa hannun yaro a yau, in ba na gwanjo ba ne, to kyauta ce daga wani mai kirki, ko kuwa sabo ne mai araha ƙwarai. Cikin duka ukun nan bakin busar ne ya fi yawan zuwa da matsala, kuma shi ne ba a cika dubawa ba.

Yadda abin ke aiki ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba, domin samarin karkara sun daɗe suna yin irinsa. Da kaka, bayan an yanke dawa, akan sami kara a huda cikinsa, a tsaga ɗan siririn harshe a jikinsa ba tare da an cire shi ba, a yi tilboro. In aka busa, harshen ya riƙa rawa yana buɗe hanyar iska yana rufewa, sai sauti ya tashi. In tsagar ta yi kauri sauti ya ƙi fita, in ta yi sirara ya fita a shaƙe. Haka ainihin kilarinet yake, wanda ake danganta ƙirarsa ga Johann Christoph Denner na birnin Nuremberg a Jamus wajejen 1700, haka kuma saksofon, wanda Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi wa rajista a Faris cikin 1846. Bambancinsu da tilboro shi ne harshensu daban yake, ɗora shi ake yi a ɗaure. Bambancinsu da algaita kuwa, ita harshe biyu gare ta masu bugun juna, su kuma ɗaya ne yake bugun jikin bakin busa.

Babban abin lura a bakin busa shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin ƙarshensa da ƙarshen harshen. Da milimita ake auna ta, kuma bambancin da ido ba ya gani leɓe yana jinsa. Bakin kilarinet na kamfanin Yamaha mai lamba 4C, wanda malamai da yawa a duniya ke fara koyarwa da shi, tazararsa milimita 1.05 ce. Na kamfanin Vandoren mai lamba B45, wanda ƙwararru da yawa ke so, ya kusa milimita 1.2. A ɓangaren saksofon ƙarami, watau alto, 4C yana da milimita 1.6, shahararren S80 C* na kamfanin Selmer kuwa 1.7. Waɗanda mabusan dandali ke amfani da su don sauti mai ƙarfi sukan haura milimita 2.

Idan tazarar ta yi faɗi, sai an sa iska mai yawa, kuma sai leɓe mai ƙarfi ne zai iya riƙe sautin kada ya karkace. Yaro ba shi da ko ɗaya. Abin da zai yi shi ne ya cije, domin ya rage tazarar da haƙoransa, kuma daga nan sai leɓen ƙasa ya yi ciwo, sauti ya tsuke, ƙarar nan ta ɗan tsako ta fito. Mafi muni, cizon yakan zama ɗabi'a, wadda sai an sha wuya kafin a raba shi da ita ko bayan ya girma. Don haka matsakaicin baki mai ƙaramar tazara shi ya dace da mai koyo, tare da harshe mai laushi, lamba 2 ko 2.5. Ƙa'idar ita ce baki mai faɗi da harshe mai laushi yake tafiya, matsattse kuma da mai ɗan tauri. Wani abin da ke rikita mutane shi ne lambobin kamfanoni ba ɗaya ba ne: lamba 2 ta Vandoren takan yi kusan taurin 2.5 ta Rico.

A nan ne ake samun jayayya da manyan yara 'yan sakandare, waɗanda suka ga mabusa a talabijin ko a waya da bakin ƙarfe mai walƙiya, suka ɗauka sirrin a ƙarfen yake. A ganina ba a kyauta wa yaro ba in aka biye masa. Irin waɗannan bakuna galibi an ƙera cikinsu ne don sauti mai kaifi da zai keta ta cikin jita da ganguna, kuma sifar cikin da tazarar su ne suka fi tasiri, ba abin da aka yi jikin da shi ba. A hannun mai koyo sai su zama abin damun maƙwabta. Baki na filastik mai kyau ya ishe shi shekara biyu ko uku. Bayan nan, in ya nuna da gaske yake, sai a nema masa na baƙar robar nan mai tauri da ake kira ebonait. Ita kuwa tana da sharaɗi a ƙasa irin tamu: ba ta son rana kuma ba ta son ruwan zafi, in ta sha ɗayansu sai launinta ya koma kore-kore, ta riƙa warin farar wuta.

Wanda zai sayi na gwanjo, ko ya karɓi kyauta, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A fara duba ƙarshen bakin a cikin haske, in akwai ɓantara ko da kamar ƙwayar gero ce, to a bar shi. A duba gefuna biyun da harshen ke kwanciya a kansu, su zama faɗinsu ɗaya. Sa'an nan a jiƙa harshe a ɗaura, a toshe gindin bakin da tafin hannu, a zuƙe iskar da ke ciki, a zare daga baki. In komai daidai yake, harshen zai manne na ɗan lokaci kafin ya saki da 'yar ƙara. In bai manne ba ko kaɗan, iska na zurarewa, ko dai daga harshen da ya lanƙwashe ko daga bakin kansa. A canja harshe a sake gwadawa, nan take za a gane mai laifi.

Maganar lanƙwashewar harshe ta kawo mu ga hunturu. Karan da ake yin harshen da shi wani irin gora-gora ne mai suna Arundo donax, wanda mafi shahararsa ake nomawa a yankin Var na kudancin Faransa, kusa da teku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Kaduna takan bushe ƙayau, harshen da ya jiƙe a baki ya bushe cikin 'yan mintoci, bakinsa ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Yaron da ya bar shi a ɗaure ya rufe akwati, gobe ba zai same shi yadda ya bari ba. Kamata ya yi a kwance shi bayan kowane gwaji, a goge, a mayar cikin 'yar robarsa, kafin busa kuma a tsoma shi a ruwa na minti biyu ko uku. Kwali ɗaya na kilarinet ko alto guda 10 ne a ciki, kuma ya fi kyau yaro ya riƙa juya uku ko huɗu da ya nace wa ɗaya har ya mutu. Akwai na roba, irin na kamfanin Légère na Kanada, waɗanda ba ruwansu da hunturu, suna da tsada amma suna daɗewa.

Shi kuwa maɗauri, masu talla sun fi kowa yawan magana a kansa. Akwai na azurfa, akwai mai ruwan zinariya, kowanne da alkawarin zai gyara sauti. Gaskiyar magana aikinsa ɗaya ne, watau ya riƙe harshen daram ba tare da ya murƙushe shi ba. Kafin Iwan Müller ya kawo na ƙarfe mai noti a farkon ƙarni na 19, da zare ake naɗewa, kuma har yanzu mabusa kilarinet da yawa a Jamus zare suke amfani da shi. Saboda haka malamin da maɗaurin yaronsa ya karye ana gab da fareti, igiyar takalmi ma za ta fisshe shi, in ya naɗa ta sosai. Abin da ba zai yi ba shi ne robar ɗaure kuɗi, wadda na taɓa gani a bakin wani yaro a wata makaranta, domin tana miƙewa, harshen ya riƙa zamewa gefe.

Na ƙarfe mai noti biyu, wanda ke zuwa tare da abin busar, ya wadatar muddin bai lotse ba. Matsalarsa ita ce in aka taka shi sau ɗaya ko aka zauna a kai, ba ya komawa daidai, sai ya riƙa danne gefe ɗaya. Ga yara masu yawan yarwa, na ƙyalle mai kama da fata, irin wanda kamfanin Rovner na Amurka ya fara fitarwa cikin 1974, ya fi jure wahala, noti ɗaya ne kuma gare shi, ga sauƙin ɗaurawa ga ƙananan yatsu. Ko wanne aka zaɓa, a tabbata girmansa ya dace, domin na kilarinet daban, na alto daban, na bakin ƙarfe kuma ya fi na ebonait tsukewa. A sauke shi ƙasa da inda aka fere harshen, ya zauna a kan ɓawon, a ɗaure notin daidai yadda harshen ba zai motsa ba, a tsaya nan. Yara suna son murɗawa har sai notin ya ci zarensa.

Jami'an da ke rubuta takardar sayen kaya a ma'aikatun ilmi da ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye, su ne wannan magana ta fi shafa. Abin da aka saba gani a irin wannan takarda shi ne kilarinet guda kaza, saksofon guda kaza, shi ke nan. Ba a ambaci irin bakin busa ba, ba a ware kuɗin harshe na shekara ba, alhali harshe kamar alli yake, ƙarewa yake yi. In kuɗi bai isa komai ba, bakin busa ya kamata a fara gyarawa, sai harshe, maɗauri ya zo a ƙarshe, domin tsohon kilarinet da baki mai kyau zai yi sauti, sabo fil da baki maras kyau kuwa ba zai yi ba.

Akwai kuma batun lafiya. A inda yara huɗu ko biyar ke karɓa-karɓa da saksofon ɗaya, bai kamata su yi tarayya a baki ɗaya da harshe ɗaya ba, ganin yadda mura da tari da ciwon baki ke yawo a makarantu. Jikin abin busar na makaranta ne, amma kowane yaro ya sami bakinsa da maɗaurinsa da marfinsa, a rubuta sunansa a jikin marfin, ya riƙa wanke bakin da ruwan sanyi da ɗan sabulu kowane mako. Yaron da ke famfara kuwa a dakata masa tukuna, domin a kan bakin busar haƙoran sama suke zama, sai sababbin sun fito sun yi ƙarfi. Kafin nan a bar shi a layin masu ganga.