Kwamfiresa da Ƙurar Hunturu

Duk wanda ya buɗe littafin bayanin da ke zuwa tare da injin matsa iska, watau kwamfiresa, zai tarar da babi guda a kan lokacin sanyi. Amma sanyin da masu littafin ke nufi shi ne na Turai da Amurka, inda ruwa kan daskare a cikin bututu, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, har ya fasa shi. Shi ya sa suke gargaɗin kada a bar ɗakin injin ya yi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin santigiret. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, ko a tsakiyar Janairu da wuya sanyin asuba ya sauko ƙasa da digiri 10, saboda haka yawancin masu injin kan tsallake babin, su ɗauka hunturu bai shafe su ba. Alhali ya shafe su ƙwarai, sai dai makamin namu hunturun ƙura ce.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, noman rani ya zama ginshiƙin arzikin waɗannan ƙananan hukumomi uku, kuma yana kankama ne daidai lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. A wannan tsakanin ne mai faci ke fama da tayoyin tarakta da na manyan motoci, mai fenti na feshi, masu haƙar rijiyar burtsatse kuma na huda dutse da gudumar da iska ke bugawa. Injin ya fi shan aiki a watannin da iskar ta fi ƙazanta.

Mai karatu zai so ya san ko mece ce wannan ƙura. Kaso mai yawa nata na tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda shekaru dubbai da suka wuce yana ƙarƙashin wani makeken tafki. Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. A cikin ruwan nan an yi wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ake kira dayatom, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ɗaya takan gina wa kanta ɓawo da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Da tafkin ya ƙafe, sai ɓawon nasu ya zama farar ƙasa mara nauyi, wadda iska ke kwasa ta haɗa da garin yashi ta kawo mana. Ashe hazon da ke rufe rana a Bakura, wani sashensa gawarwakin halittun ruwa ne. Garin yashin kuwa ya fi yawancin ƙarfe tauri.

Baligi kan shaƙi iska kimanin lita 11,000 a yini da dare. Kwamfiresan da ke zuƙar lita 10,000 a minti ɗaya, wanda ma bai kai na masu burtsatse ba, zai shaƙi kusan haka kafin a gama gaisawa. Ɗan Adam yana da gashin hanci, da majina, da wasu ƙananan gasu a maƙogwaro masu turo datti waje dare da rana, ga kuma tari da atishawa. Injin ba ya da ko ɗaya daga ciki sai matacin iska, watau filta, shi ma ba ya share kansa. Idan ya toshe, injin zai yi ta gurnani yana shan mai, tanki bai cika ba. A nan ne wasu masu faci kan cire filtar ɗungurungum, su ce injin ya sami numfashi. A ganina babu ɓarnar da ta kai wannan, domin ƙurar za ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa, ta cinye ringi da jikin silinda cikin hunturu ɗaya. Abin da ya dace shi ne a duba filta kowace safiya, a kakkaɓe ta a hankali, a sauya ta da zarar ta yage. Ta takarda ba a wanke ta da fetur. Haka kuma a share ƙurar da ke liƙe wa haƙarƙarin da ke sanyaya injin, don rana na yi zafi zai haura digiri 30, ƙurar kuma ta zame masa bargo.

Batun tayarwa da safe ba shi da tsawo. Sanyi kan sa mai ya yi kauri, kamar yadda man shanu ke yi a ƙwarya, kuma kafin ya zagaya ƙarfe na gugar ƙarfe. Sai a duba awon mai, a buɗe bawul, a bar injin ya yi 'yan mintuna yana juyawa ba kaya, sannan a rufe. Kada a hura wuta a ƙarƙashinsa da sunan ɗumama shi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ruwa. Yaya za a yi tanki ya tara ruwa a lokacin da leɓe ke tsagewa saboda bushewa? Lissafin mai sauƙi ne. Lita 1,000 ta iska a digiri 30 ba ta iya riƙe tururin da ya wuce giram 30, a digiri 15 kuwa giram 13 kacal. A ce laimar iska kashi 20 cikin ɗari ce, watau giram 6. Idan allurar geji ta kai 100 a ma'aunin da masu faci suka saba da shi, an cusa iskar wuri takwas ke nan a wuri ɗaya, tururin ya zama giram 48. Rarar dole ta koma ruwa, kuma da dare idan tankin ya huce sai ƙari ya sauko, tamkar yadda raɓa ke sauka. Injin da ke kusa da madatsa ko hanyoyin ban ruwa ya fi tarawa. Ruwan yakan kwanta a gindin tanki yana cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani, fenti na ƙyalli a waje. Tankin da tsatsa ta ci yana iya tarwatsewa ya kashe na kusa. Don haka a buɗe ƙaramin famfon da ke ƙasansa kullum bayan an tashi aiki, a riƙa gwada bawul ɗin kariya, tankin da ya fara yoyo kuma a yar da shi, kada a kai wa mai walda.

Akwai kuma wata al'ada ta yaran gareji, ta kakkaɓe ƙurar jiki da tiyon iska idan an tashi. Iskar na iya fasa dodon kunne, ta cusa tsakuwa a ido, ko ta shiga jini ta wani ɗan rauni a fata, ga shi kuma kaushi da faso sun yawaita a hunturu. Ƙurar da ta tayar ma huhu take komawa, kuma mafi ƙanƙanta daga cikinta kan wuce duk masu gadin maƙogwaro ta zauna can ciki. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar.