Magani da Mazauna Ciki: Abin da Za a Faɗa wa Likita

Ana roƙon hakimai da malamansu su karanta wannan takarda da natsuwa, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke cikinta, gama magana ce da ta shafi kowane gida.

A cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan halittu masu rai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani mutumin ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin irinsu, har a 1683 ya same su cikin dauɗar haƙora. Masana sun ƙiyasta yawansu a jikin baligi ya kai miliyan sau miliyan 38, amma duka nauyinsu kamar giram 200 ne kaɗai. Kada jin haka ya ta da hankalin kowa. Galibinsu talakawan kirki ne masu biyan haraji: suna narkar da dusar hatsi da ganyen da ciki ba ya iya narkarwa, suna yin bitamin K mai taimakon jini ya daskare, suna kuma cika wuri har baƙuwar cuta ta rasa masauki.

To, ga inda magani ya shigo. Tun da Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan a 1928, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, sun ceci rayuka ba iyaka. Sai dai irin wannan magani ba ya bambanta ɓarawo da mai gida. In ya shiga hanji yakan kashe na kirki tare da miyagu, gari ya zama kango, kango kuwa kowa ya san abin da ke tarewa a cikinsa. Daga nan ne zawo kan biyo bayan shan magani, mata kuma su yi fama da ƙaiƙayin gaba. Mafi muni ita ce wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile, wadda aka tabbatar a 1978 tana kumbura babban hanji bayan shan antibayotik. Takan kashe mutum, musamman tsoho. Farfaɗowar mazaunan ma ba nan take ba ce. A wani bincike na ƙasar Danmak da aka buga a 2018, an ba samari 12 antibayotik iri uku kwana huɗu kacal, aka tarar bayan wata shida akwai ire-iren halittun da ba su komo ba.

Ba antibayotik kaɗai ba. Omeprazole na gyambon ciki yana rage tsamin tumbi, wanda shi ne mai tsaron ƙofa, metformin na ciwon sukari kuma yana sauya mazaunan hanji.

Saboda haka wanda ya je asibiti ya faɗa wa likita dukan abin da ya sha cikin watannin baya, har da kafson da ya saya a kemis ko a hannun 'yan talla, da jiƙon gargajiya. Mutanenmu sukan ɓoye wannan don kunya ko tsoron faɗa, alhali likita ba alƙali ba ne. In da hali a tafi da kwalin maganin. Sa'an nan ya tambaya cikin ladabi: shin lalle ciwon nan yana bukatar antibayotik? Mura dai ba ta jinsa ko kaɗan. Kwana nawa za a sha, da abinci ko kafin abinci? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da amfani, domin nono da madara suna hana tetracycline da ciprofloxacin shiga jiki sosai in an haɗa su lokaci guda.

Kada kuwa wani ya ji wannan bayani ya yar da maganin da aka rubuta masa, ko ya rage shi bisa ra'ayin kansa. In zawo ya zo, a sha ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da cin gero da dawa da wake da ganye. Amma in ya kai sau uku a yini yana maimaituwa, ko ya zo da jini, ko zazzaɓi, ko murɗar ciki mai tsanani, ko da makonni sun wuce bayan gama maganin, a koma asibiti ran nan, a kuma ambaci sunan abin da aka sha. Kada a sayi maganin tsai da zawo kafin likita ya gani.